Ɗinki na hannunmu, kwangila na hannun wasu

A watan Satumbar bara, saura mako uku a koma makaranta, wani tsohon ɗalibina ya same ni a gida bayan Magariba, ransa a ɓace. Na koyar da shi a aji shida shekaru goma da suka wuce, daga nan karatu ya tsaya, mahaifinsa ya kai shi wurin tela. Yau a unguwarmu in ana zancen wanda ya iya fitar da wuyan kaftani, sunansa ake fara kira. Ya daɗe zaune bai ce komai ba, can ya ce, "Malam, aikin nan fa ya kuɓuce mini."

Aikin da yake nufi shi ne kayan makaranta na yara kusan 200, na wata makaranta mai zaman kanta a nan Njamena. Ni na yi masa hanya. Shugabar makarantar ta ga samfurin da ya kai, ta yaba ƙwarai. Sai ta ce ya kawo mata abin da ake kira devis da Faransanci, wato takardar da ke nuna yadi nawa aikin zai ci, kuɗin kowace riga, jimilla, da ranar da za a kawo kaya. Shi kuma ya amsa da irin ladabin da aka rene mu da shi, ya ce, "Ba komai Madam, sai yadda kika gani." Da ta matsa a kan rana, ya ce in Allah Ya so kafin a koma. Bayan kwana biyu wani tela ya je da takarda shafi ɗaya, da farashi da rana da lambar waya, aka ba shi aikin.

Na ga kayan da wancan ya ɗinka a jikin yara. Ba zan ci namansa ba, amma hannun yarona ya fi nasa nesa ba kusa ba. Kuma ban ga laifin matar ba. Kuɗin iyayen yara ne a hannunta, gobe za su tambaye ta, ba za ta ce musu "sai yadda na gani" ba. A wurinmu ƙin yanka wa babba farashi kunya ce da girmamawa. A kunnenta kuwa ya zama alamar mutum bai san lissafin aikinsa ba.

Tun ranar nake juya abin a raina, kuma inda na tsaya shi ne: iya magana da mai kawo aiki, iya rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai, da sanin mutanen da ke wajen unguwarka, duk cikin sana'a suke, kamar zare da allura. Koyon su ake yi. Mu kuma mun daina koyarwa.

Bari in fara da laifinmu, mu malaman makaranta. Sau nawa na tsaya gaban allo na ce wa yara wanda bai yi karatu ba a kan keken ɗinki zai ƙare, kamar dai keken nan horo ne? Muna yin lissafin kuɗin saye da kuɗin sayarwa da riba don a ci jarrabawa, amma ban taɓa zaunar da ajina mun rubuta rasit guda ba, alhali na san yawancinsu kasuwa za su nufa. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi da yadda ake riƙe aji, ba wanda ya ce mana mu tambayi kanmu ina yaron zai kwana bayan ya bar hannunmu.

Abin mamakin shi ne, kakanninmu da suka zaunar da mu a ƙasar nan sun fi kowa sanin wannan fanni. Faransawa sun kafa garin nan a 1900 da sunan Fort-Lamy, sunan da ya riƙe har 1973. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jama'a da yawa suka yi gabas, kuma shekara da shekaru hanyar zuwa Hajji a ƙasa ta nan take ratsawa. Wasu sun isa Makka, wasu sun tsaya a Sudan, wasu kuma guzuri ya ƙare musu a nan ko a Abeshe, suka zauna neman na gaba da ɗinki da dukanci da fawa da koyar da allo, har zaman ya zama na dindindin. Wani masanin tarihi Ba'amurke, John Works, ya wallafa littafi sukutum a 1976 a kan waɗannan Hausawa na Chadi.

To me ya riƙe baƙon da ya sauka a garin da bai san harshensa ba? Tsarin maigida ne da dillali. Falke ya iso da kayansa, ya sauka gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya adana kayan, ya haɗa shi da dillalin da ya san wa ke biya wa ke cin bashi, ya yi masa tafinta, in an sayar bashi ya tsaya a matsayin lamuni, a ƙarshe a fitar da la'ada. Yaron da ke gidan yana tsaye yana kallo: yadda ake gaisawa, yadda ake taya kaya ba tare da an wulaƙanta mai shi ba, yadda ake cewa albarka fuska a sake, yadda ake bin bashi zumunci bai ɓaci ba. Makaranta ce babba, ko da ba ta da allo. Da irin wannan tsari tufafin Kano suka yi nisa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya tarar da saƙi da rinin garin suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Marina da masaƙa sun yi nasu aikin, amma amana da baki ne suka ɗora kayan a kan raƙumi.

Yau fa? Uba ya kai yaro shagon tela, ya shekara yana shara da guga da saka maɓalli, sannan a ɗora shi kan keke. Da mai kawo ɗinki ya shigo, sai a ce masa jeka sayo shayi. Ya shekara biyar ko shida, ya fita da hannu mai kyau, amma bai taɓa jin yadda ake yanka kuɗin aiki ba, bai san inda maigidansa ke saro shadda ba, bai san sunan dillali ko ɗaya a Kantin Kwari ba. An ba shi rabin sana'a an ce ya je ya nemi abinci.

Ga shi kuma rabon da ya rage mana a harkar tufafi a ƙasar nan bai da yawa. Chadi na noma auduga a kudu tun lokacin da Faransawa suka tilasta nomanta a ƙarshen shekarun 1920. Kamfanin Cotontchad, mai hedikwata a Mundu, an kafa shi a 1971, kuma a 2018 kamfanin Olam ya sayi kashi 60 cikin 100 na hannun jarinsa. Amma mafi yawan audugar ɗanya take fita ta tashar ruwan Duwala. Masaƙar Sarh da aka kafa a shekarun 1960 ta sha tsayawa da tashi. Yadin da ke kan kantocin Babbar Kasuwa da kasuwar Dembe daga waje yake zuwa, daga Sin da Dubai da Kano, shadda mai tsada kuma irin su Getzner daga Ostiriya. Ke nan abin da ke hannunmu shi ne saro kaya, sayarwa, da ɗinki. Ukun nan kuwa ba wanda ke tafiya sai da mutane. Wanda ya zaga Marjandafak ko Ambasatna ana gab da Sallah zai ji kekuna na kuka har asuba, amma ya tambaya, nawa ne daga cikin masu kekunan ke samun aikin ma'aikatu, ko na makarantu, ko na ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan? Manyan ayyukan a rubuce ake ba da su, mu kuma a baki muka tsaya.

Dubi maganar kuɗi kaɗai. Ɗan kasuwarmu da harshe huɗu yake ƙirga. Da Larabcin kasuwa riyal ɗaya sefa 5 ne, saboda haka alif riyal sefa 5,000 ke nan. Da Hausa muna da dala, ita ma sefa 5, da jaka, sefa 1,000. Da Faransanci sefa ake faɗa kai tsaye. In ya kira Kano kuma sai a koma naira, wadda darajarta ke hawa da sauka, musamman tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Na san wata baiwar Allah mai sayar da lafaya daga cikin gida, ta ce wa wata ma'aikaciya baƙuwa "dubu uku" tana nufin riyal, ita kuma ta ɗauka sefa ne. Da aka zo biya aka ga 15,000 ne, ba 3,000 ba. Ba wadda ta yi niyyar cuta, amma kowacce ta tafi tana ganin 'yar uwarta macuciya ce, kuma da cinikin da ƙawayen ma'aikaciyar da za su biyo baya duk suka tafi. Da ta rubuta 15,000 F a saƙon waya, da an wuce wurin.

Sai maganar alkawari, wadda ta zama abin barkwanci a kanmu. Kowa ya san "gobe" ta tela. Muna dariya, amma dariyar nan ita ke cinye mana kasuwa. Tela ya san a rana kaftani nawa zai iya gamawa, ya san wutar lantarkin garin nan ba ta da tabbas, ya san kwana nawa suka rage kafin Sallah. Lissafin ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne buɗe baki a ce wa maƙwabci ko surukin yaya, "Alhaji, ka yi haƙuri, na cika, in na karɓa zan ba ka kunya." Mun ɗauka karɓar yadin shi ne mutunci. Alhali mutumin da ka ce wa a'a da wuri zai nemi wani ya kuma dawo maka baɗi, wanda ka sa 'ya'yansa suka tafi Idi da tsofaffin kaya kuwa har jikokinsa sai sun ji labarinka. In kuma an riga an karɓa aka ga ba za a cika ba, kiran waya kwana uku kafin ranar ya fi ɓuya a bayan shago ana cewa yaro ya ce ba ka nan. Alkawari kaya ne, kuma ba sai na tuna wa Musulmi matsayinsa a addini ba.

Sanin mutane ma haka. Mun ga amfaninsa da idonmu lokacin da rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Maiduguri zuwa Gamboru da Fotokol da Kusiri daga 2014, kaya suka koma zagayawa ta wasu hanyoyi masu nisa da tsada. Muka sake gani da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A irin wannan lokaci wanda ke da amintacce a Kano, wanda zai zaɓa masa bandir ɗin shadda kamar shi ne da kansa, ya auna, ya ɗaure, ya ba direban da aka sani, shi ya ci gaba da buɗe shago. Wanda bai san kowa ba sai ƙafarsa, zama ya yi. Irin wannan aminci ba a ƙulla shi ranar da hanya ta rufe. Ana fara shi da ƙaramin saƙo, a biya a kan lokaci, a kira a gaisa ko ba ciniki, a je ta'aziyya in an yi rashi. Zumunta a ƙafa take, yanzu kuma har da waya.

Amma ba Kano kaɗai ya kamata mu sani ba. A cikin Njamena kanta mun killace kanmu. Tun yaƙin 1979 garin ya zama kamar biyu, arewa da kudu, kuma har yau akwai telanmu da bai taɓa shiga shagon ɗinki a Mursal ko Shagwa ba. Can akwai masu ɗinkin mata na zamani da suka iya Faransanci, suka san ofisoshi, kuma duk watan Maris, lokacin makon matan Chadi da ake kira SENAFET, aikin atamfar 8 ga Maris kan yi musu yawa. Mu kuma muna da surfani da aikin wuya da hula da ba su da shi. Me zai hana a riƙa miƙa wa juna aiki? Ciniki da maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba, kakanninmu sun yi shi daga Gwanja har Wadai, bai rage musu komai ba.

Haka taruka. Tun 2018 ake yin bikin Dary a garin nan, inda lardunan ƙasar ke baje al'adunsu da sana'o'in hannunsu, jama'a na tururuwa. Akwai kuma majalisar 'yan kasuwa da masu sana'a ta ƙasa, CCIAMA. In kuɗin rumfa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, teloli biyar su haɗa, su sa wanda ya fi su baki a gaba. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da haɗa mutane ke yi. Alphadi ya tara masu ɗinki na Afirka da manyan gidajen ɗinki na Faransa a cikin hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998, bikin da ake kira FIMA. Na san ƙungiyoyin addini sun yi zanga-zanga a kan bikin a shekarar 2000, kuma ni ma ba duk abin da ake nunawa a irin wuraren nan zan so 'yata ta sa ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne yadda mutum ɗaya ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi har duniya ta san masu aikin hannu na ƙasarsa. Mu da jallabiya da lafaya da babbar riga za mu je, ba wanda ya ce sai mun canza kayanmu.

Na san abin da wasu iyayen gida za su ce, don sun faɗa mini a fuska. Na farko, aiki mai kyau shi ke tallar kansa. Gaskiya ne a unguwar da kowa ya san kowa. Shugabar makarantar nan ba ta zuwa ɗaurin aurenmu balle ta ga rigar ango ta tambayi wa ya ɗinka. Na biyu, in ka nuna wa yaro masu kawo maka aiki da inda kake sari, gobe zai kwashe su ya buɗe nasa. Wannan tsoro ban raina shi ba, ya faru da mutane. Amma yaron nan zai tafi ko ka nuna masa ko ba ka nuna ba. In ya tafi da albarkarka, ka sami reshe: ranar da aka ba ka riguna 200 kana da wanda za ka raba wa. In ya tafi da haushi, ka sami kishiya a bakin layinka. Na uku, sun ce baki ya yi yawa a zamanin nan, yara na ɗora hoton ɗinkin wani a WhatsApp su ce nasu ne, a tura kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money a nemi mutum a rasa. Haka ne, kuma shi ya sa nake cewa a koyar da abin a gaban manya, tare da amanarsa. Zaƙin baki babu aiki yaudara ce, kowa ya sani.

To me za a yi? Abubuwan da nake roƙo ba sa buƙatar tallafin kowa.

Kowane shago ya ajiye littafi na sefa 500. Duk wanda ya kawo ɗinki a rubuta sunansa, lambarsa, awonsa, kuɗin aiki da lambobi kuma da sefa, abin da ya bayar na kafin alƙalami, da ranar karɓa, a manna ƙyallen yadinsa a gefe. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya ba yaron da ya yi aji shida. Kada a dogara ga waya kaɗai: ba mu manta ba, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar nan wata 16, kuma waya kan faɗa ruwa ko a sace ta.

Maigida ya bar yaron da ya kai shekara biyu a shago ya riƙa tsayawa in ana ciniki, wani lokaci ma ya ce masa kai yanka, ni zan gyara. Ya tafi da shi kasuwa ranar sari, ya gabatar da shi da sunansa.

Masu ɗora kaya a waya su ɗauki hoto da hasken rana, su rubuta farashi da irin yadin, su amsa saƙo a ranar da ya zo ko da amsar "babu" ce. Kuma kada a ɗora hoton matar mutane ko 'yarsu sai da izini. Rataye rigar a jikin bango ya wadatar. Wannan ya shafi 'yan uwanmu mata musamman, masu ɗinki da sayar da kayan lefe da anko daga cikin gida, waɗanda da dillaliya ce kaɗai hanyarsu zuwa kasuwa, yanzu kuma wayar na hannunsu.

Mu malamai kuma mu biya bashin da ke kanmu. Tela ba ya buƙatar nahawun Faransanci gaba ɗaya. Kalmomi kamar 100 na sana'arsa sun isa: sunayen awo, launuka, ranaku, yadda ake gaisawa a ofis, yadda ake tsara takardar farashi da rasit. Na gwada da yaron nan nawa da abokansa uku, awa ɗaya bayan Isha'i, sau biyu a mako, a zauren gidanmu. Nakan zama shugabar makaranta mai tsanani, su kuma su zo neman aiki, in yi ta yi musu tambayoyi har su daina sunkuyar da kai. Daren farko dariya ta hana mu komai. Cikin wata biyu kowannensu ya rubuta takardarsa da hannunsa. Kowace unguwa tana da malami, tana da zaure ko ajin Islamiyya da ke zama a rufe da dare. Abin da ya rage shi ne iyayen gida su saki yaran awa biyu a mako.

Ban san ko yarona zai sami aikin makarantar nan bana ba, don wancan telan ya riga ya shiga, kuma ya cika alkawarinsa. Amma makon jiya ya nuna mini takardu uku da ya shirya wa wasu makarantu uku, tun watan Yuli, kafin kowa ya farka. A ƙasan kowacce ya rubuta ranar kawo kaya, ya kuma ƙara wa kansa kwana biyar saboda wuta. Na tambaye shi wa ya koya masa wannan, ya ce, "Malam, ai wutar ce ta koya mini."

Satumba na tafe, bayanta Sallah, bayanta bukukuwa. Iyayen gida, a taimaka a buɗe wa yaran nan baki kamar yadda aka buɗe musu hannu. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon cika alkawari.